Huji Goma Sha Ɗaya a Tiyon Baba Hammajoda

Ku da kuke tsayawa a bakin gareji kuna kallon mai feshin yashi, na san abin da kuke faɗa, domin kunnena ɗaya yana aiki har yanzu. Kuna cewa ai wannan ba sana'a ba ce, riƙe tiyo ne kawai kamar mai ban ruwan lambu, inji ne ke yin komai. To ku matso kusa. Sunana Vandi, mutumin Vimtim ne ni. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina wanke ƙarfe da yashi a Mubi, kuma sau ɗaya na kusa rasa sana'ar ɗungurungum, saboda na ɗauka na fi kowa sanin inda iska take tafiya.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kwampuresa, injin da ke shan gas, wato man dizal, yana tara iska a wata randar ƙarfe da ke jikinsa. Akwai dogon tiyo mai kai iskar zuwa tukunya, wani durum mai kauri da ake cikawa da yashi. Daga tukunya gajeren tiyo ya fito, a ƙarshensa akwai ɗan guntun ƙarfe mai rami da muke ce wa baki. Ta nan yashi ke fita da ƙarfin da zai kankare tsatsa da tsohon fenti, ya bar ƙarfe fari tas. Sai hular aiki: buhun fulawa biyu a ɗinke, da gilashin taga a gaba. Idan ka shiga cikinta ba ka jin kiran kowa, ba ka ganin komai sai abin da ke gaban hancinka. Na yi shekara shida a cikin wannan hula kafin abin da zan ba ku labari ya faru.

Aikina na farko gadon ƙarfe ne na wani malamin makaranta da ke shirin aure. A lokacin na bar noma ke nan, da matata da 'ya'ya biyu, na zo gari neman abin yi, maigidana Baba Hammajoda ya karɓe ni. Ya ce in riƙa yawo da hannu, kada in tsaya wuri ɗaya. Ni kuwa na ga wata tsatsa mai taurin kai a ƙafar gadon, na ce sai na ga bayanta. Na gan shi kuwa. Da na cire hula, ana hango kasuwa ta cikin ƙafar gadon. Baba bai yi faɗa ba. Ya leƙa ta ramin, ya gaisa da wani mai wucewa ta ciki, sannan ya aike ni wurin mai walda da gadon a ka.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Direbobi da bodin mota, masu gidan burodi da farantan gashi, 'yan coci da ƙarfen taya da suke bugawa a madadin ƙararrawa. Wata mata ta kawo kwanonin samira na aurenta a wanke mata baƙin hayaƙi, muka wanke hayaƙin tare da furannin, ta zo ta ce mun musanya mata. Wani mahauci ya ce babbaka na cinye masa itace, mu gwada cire masa gashin ƙafar sa da yashi. Ƙafa ɗaya muka gwada. Kofaton kaɗai muka mayar masa, shi ma sai da aka tsinto shi a bayan shagon mai aski.

Baba Hammajoda ya samu injin ne daga wani kamfanin hanya da ya yi wa aiki, da suka tashi suka bar masa a madadin sallama. Motar da ta kawo shi ta sauke shi a gindin wata tsamiya bakin titi, kafin a samu masu turawa aka sace tayoyin. Nan ya zauna har abada. Filin feshi kuwa dole ya yi nesa da mutane saboda ƙura, yana can bakin kwazazzabo, taku sittin daga tsamiyar. Saboda haka dogon tiyon ya bi ta bayan rumfunan maƙwabta, wani wuri a binne, wani wuri a ƙarƙashin tabarmi da benci. Da safe in tayar da inji, in bi ta gaban rumfuna ina gaisawa, in shige hula. Ban taɓa bin bayansu ba.

Yashi daga mayo, wato kogi, ake kawo mana a jaki, a zube tsibi. Akwai Mama Kuve, shugabar matan da ke suyar gyada suna kaiwa tasha, rumfarta na tsakiyar layin. Kun san da yashi ake soya gyada. Kullum matan nan za su ɗebi yashinmu, su tankaɗe, su zuba a rabin durum a kan wuta, in sun gama su juye shi a durum ɗinmu da nake ɗiban yashin aiki, su ɗebi sabo. Ni a lissafina aro suke yi ba su gode ba. Na dai lura yashin durum kullum da ɗumi, kuma motocin da muka wanke suna ƙamshin gyada har a yi musu fenti.

Sai shekarar da gas ya yi wuya. Zamanin jihar Gongola ne, komai sai an jira daga Yola, kuma daga Yola ba abin da ke zuwa. Motoci suka kwana a layi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ga shi Baba ya shekara biyu bai shiga hula ba, ƙurar da ya shaƙa tun ƙuruciya ta taso masa, tari ya zaunar da shi a kujera gindin tsamiya. Injinmu kuma ya koyi wani irin sha da ban san shi da shi ba. Aikin da ake yi da galan ɗaya sai ya lashe biyu, allurar geji mai nuna ƙarfin iska tana kwance kamar ta yi zazzaɓi.

A wannan damina wani Alhaji Umaru daga Maiha ya fara zuwa gaishe da Baba. Mutumin kirki ne, mai fara'a, da goro a aljihu kullum. Sai dai yana gaisuwar yana auna injinmu da taƙi. So yake ya cire injin daga kwampuresa ya haɗa shi da injin niƙa.

Wani tanki ya iso ranar Alhamis, a bayan tarakta, da dattawa uku zaune a kansa. Daga wani ƙauye ne bayan Duvu. Tsohon tankin ruwa suka samu, ciki da waje duk tsatsa, suna so a wanke a yi fenti su tara ruwan rufin makaranta kafin damina ta ɗauke. Gas kuma da kansu suka kawo, jarka biyu, wanda suka tattara kwalba-kwalba daga masu injin ban ruwa da direban taraktar. Babban cikinsu ya rungume jarka ɗaya kamar jariri kafin ya miƙa min.

Da suka tafi Baba ya kira ni.

"Vandi, Alhaji zai zo da mota ran Talata. Ni kam na gaji. In ka gama tankin nan da jarka biyu ɗin nan, na san inji zai iya ci da kai, na bar maka. In bai gama ba, inji ya tafi Maiha, kai ka tafi gona."

"Baba, jarka uku ma ba zai isa ba."

"To ka nemo na uku a cikin biyu," in ji shi, tari ya ɗauke sauran maganar.

Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Gonar da yake cewa in koma ƙanena ne a kanta da iyalinsa. Na zauna na yi tunani irin na mai ilimi: inji yana tara iska, iska ba ta isowa, ke nan tana fita a hanya. Ranar Juma'a da safe na kaɗa ruwan sabulu a bokiti, na tayar da inji, na fara bin tiyo daga tsamiya ina shafawa, inda ya yi kumfa nan ne ɓarna.

Ban yi taku goma ba na daina buƙatar sabulu. A bayan rumfar Buba mai shayi an soka bawul ɗin keke a jikin tiyonmu, an ɗaura siririyar roba ta shiga murhunsa. Wutarsa na ci ɓalɓal ba mai fifita. Gaba kaɗan mai gyaran keke yana ba taya iska, famfonsa na rataye ya yi yanar gizo. Mai aski yana hure gashi daga wuyan wani da 'yar roba, har yana tambayarsa ko a ƙara. Mai guga yana hura gawayin dutsensa. Maƙeri Zira, wanda na sha yaba wa ƙarfin wutarsa, ashe zuga-zuginsa sun zama matashin kai tun shekaru. Mama Kuve na tsaye da faifai a kan wani huji, tana kaɗa gyada, ɓawo na tashi shi kaɗai.

Na ƙarshe shi ya fi ba ni haushi. Wani tsoho Malam Sali, wanda ba shi da sana'ar komai, ya yanke tsakiyar kujerarsa ta igiya ya ɗora ta daidai kan huji, a inda tiyo ya tsallaka hanyar motoci. Yana zaune babbar rigarsa ta kumbura, idonsa a lumshe.

"Malam, mene ne wannan?"

"Magani ne, ɗana. Tun da na fara zama a nan bayana bai sake ciwo ba."

Na ƙirga huji goma sha ɗaya. Na kashe inji, na yanko tsohon tub na mota, na ɗauko waya da filaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina naɗewa, ina ɗaurewa, ina kuma yin wa'azi. Na ce shekara da shekaru unguwa guda tana shan gas ɗin tsoho mara lafiya. Na ce wa Buba shayinsa da guminmu ake dafa shi. Na ce wa Maƙeri Zira ya tashi zuga-zuginsa daga barci. Ba wanda ya tanka sai Mama Kuve.

"Kai ya rufe iska na?"

"Mama, iskar ba taki ba ce."

"Baban ka ya sani?"

"Ni ne mai aiki yanzu."

"To, mai aiki. Sannu da aiki," ta ce, ta kife faifanta.

Na sake tayar da inji na je na duba geji. Allurar ta ɗaga, amma ɗagawar da sai ka rantse kafin a yarda. Na ce wa kaina ai farkon warkewa ke nan. Baba yana kujerarsa yana kallona tun daga farko har ƙarshe.

Asabar da safe na tarar da durum ɗinmu wayam, an ma share shi da tsintsiya. An kwana ana ruwa, tsibin yashi ya jiƙe sharkaf. Na ce yashi ai yashi ne, na tankaɗe abin da ya tankaɗu na cika tukunya. Ku da kuke cewa inji ke aikin, da kun ga inji a ranar. Jiƙaƙƙen yashi ba ya gudu, dunƙulewa yake. Baki ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya tofa min curi guda kamar tuwo a jikin tanki. In kashe, in kwance tukunya, in zaƙulo da sanda, in ɗaura, duk wannan inji yana can yana shan gas a banza domin tayar da shi ma wani shan ne. Wajen azahar iska ta ɗauke gaba ɗaya. Na fita na tarar da motar itace ta tsaya da tayarta a kan tiyo, daidai inda kujerar Malam Sali take a da. Direban ya ce shi bai taɓa sanin akwai tiyo a wurin ba, abin da ya sani akwai wani tsoho da ake kauce wa.

Kafin la'asar jarka ɗaya ta ƙare, ta biyu ta fara sauka, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu na tankin ban yi ba. Maƙogwarona ya bushe da ƙura. Na je wurin Buba in karɓi shayin da yake ba ni kullum da madara mai yawa, wanda ban taɓa biya ba ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Yana durƙushe yana fifita wuta da murfin tukunya, idonsa jawur. Ya ce ruwa bai tafasa ba, in dawo ran Laraba.

Lahadi bayan an tashi daga coci na je gidan Baba da hular kunya. Na zayyana masa komai. Ya ce in kawo bakin da nake aiki da shi, yana aljihuna kuwa, domin ba na rabuwa da shi. Tsohon baki ne tun na kamfani, ni na ƙi canja shi, saboda yana watsa yashi da faɗi, in kana riƙe da shi kana jin kai wani ne. Baba ya karɓa, ya zura babban yatsansa ta ramin har ya fito ta ɗaya gefen, ya motsa min shi.

"Ran da na ba ka wannan, fensir ba ya shiga."

Ya ajiye bakin a cinyarsa ya ci gaba.

"Yashi yana cin tsatsa, yana cin baki ma. Huji na mutane duka, ka tara, bai kai rabin wannan ba. Zira bai kawo maka sabo?"

Ya kawo mana. Duk bayan 'yan watanni Maƙeri Zira zai ajiye min wani ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami, da ya ƙera daga tsohon gatarin mota ya ba shi ruwa ya yi tauri. Ni kuwa in jefa a gwangwani, ina cewa tsoho ya rasa abin yi. Akwai guda bakwai a gwangwanin.

"Baba, kai ka san da hujin nan?"

"Ni na huda. Da basilla na."

Sai ya lissafa min su da yatsu. Maƙeri iska, mu baki. Mama Kuve iska, mu busasshen yashi tankaɗaɗɗe, ko da ana ruwa kwana bakwai. Buba iska, mu madarar wanke maƙogwaro. Malam Sali iska, mu mai gadin tiyo da ba a biya. Sauran kuwa iska, su kuma su haƙura da ƙara da ƙura, kada su kai mu wurin mai unguwa. Na ce to me ya hana ya faɗa min ranar Juma'a.

"Kana wa'azi. Ba a katse mai wa'azi."

Litinin da sassafe na je rumfar Mama Kuve na durƙusa, ni da nake da 'ya'ya uku a lokacin. Ta bar ni a durƙushe har ta gama ɗaure gyada a leda ashirin. Sannan ta ce sharaɗinta ɗaya, in kwance facin nan duka, da hannuna, ina kiran sunan kowa ina cewa ga iskarka.

"Mama, gas ɗin da ya rage bai kai jarka ba. A bar facin zuwa gobe, in na gama in kwance."

"A'a. Faci zagi ne. Ka cire zagi tukuna, sai mu yi magana."

Na bi layin nan ina kwance waya. Buba, ga iskarka. Mai aski, ga iskarka. Malam Sali ya riga ya kawo kujerarsa yana tsaye yana jira. Da na gama Maƙeri Zira ya tambaye ni nawa ya rage a jarkar, na nuna masa, ya girgiza kai. Ya ce ko da sabon baki da ƙyar ne. Ya ɗan yi shawara da Mama Kuve da yarensu, sannan ya ce gobe kowa zai toshe hujinsa da yatsa har in gama.

Na ce, "To ai shi ne facin da na yi."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Mama Kuve. "Faci kai ne ya hana. Yatsa mu ne ya ba ka."

Ranar ba a soya gyada ba a layinmu, ba lokaci. Mata shida suka hura wuta a ƙarƙashin rabin durum shida suna soya yashi zalla, ni ina jido jiƙaƙƙe a kai ina kwashe busasshe. Wajen hantsi wata mota ta tsaya, wani ma'aikaci da ya fito daga Yola ya sauko neman shayi. Ya tsaya yana kallon matan nan suna juya yashi da ludayi da gaske, wata har tana ɗiba tana murzawa ta ji ko ya yi. Ya cire hularsa.

"Innalillahi. Abin ya kai haka a Mubi?"

Kafin in buɗe baki Mama Kuve ta ce, "Mun gode Allah dai, ɗana."

Mutumin ya koma motarsa ya ɗauko rabin buhun masara ya ajiye mata, ya tafi ko shayin bai sha ba. Ta ce kada wanda ya kira shi, ladansa ne.

Talata da hantsi na ɗaura sabon baki, na cika tukunya da yashi mai ɗumi, na juye abin da ya rage na gas har ɗigon ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya suka jeru a bayan rumfuna, kowa a tsugune da babban yatsa a kan tiyo. Malam Sali ya ce shi ba zai iya tsuguno ba, ya sauke kujera ya zauna a kan nasa kai tsaye. Na tayar da inji, allurar geji ta miƙe tsaye inda ban taɓa ganinta ba. Da na buɗe iska, tiyon ya kusa ƙwacewa daga hannuna. Yashi kaɗan ke fita, siriri, amma inda ya taɓa tsatsa sai ta tashi kamar ana share gari a tabarma. Kuma inji ya riƙa samun hutu, in randa ta cika ya sassauta murya, abin da na manta yana yi.

Na gama waje kafin rana ta take, na shiga ciki ta ƙofar sama. Abin da ya faru a waje daga nan labari aka ba ni. Alhaji Umaru ya iso da mota da majiya ƙarfi huɗu da sarƙa. Ya tarar da unguwa a tsugune a layi ba mai magana. Ya bi su yana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa na amsawa da hannun hagu a ƙirji. Da ya iso kan mai aski, mutumin ya daɗe fitsari na damunsa.

"Alhaji, useni, don Allah riƙe min nan minti ɗaya."

Alhaji mutum ne da ba ya iya cewa a'a in an roƙe shi da ladabi. Ya tattara babbar riga ya tsuguna ya ɗora yatsa. Sai da ya ɗan jima ya tambayi Buba da ke gefensa me ake yi. Buba ya gaya masa gaskiya, cewa in iskar nan ta isa, inji ba zai je Maiha ba. An ce Alhaji ya dubi yatsansa, ya dubi Mama Kuve da ke kallonsa, ya dubi Baba Hammajoda a gindin tsamiya. Ya ce shi amana aka ba shi, sai mai ita ya dawo. Mai aski kuwa ya hango daga nesa, ya ga abin ya zauna daidai, bai dawo ba.

Ina cikin tanki, saura wuri kamar faɗin faifai biyu a can ƙasan kusurwa, na ji ta ƙafafuna inji ya yi tari sau uku ya mutu. Gas ya ƙare. Na tsaya cikin duhu da ƙura ina jiran tiyo ya saki a hannuna, ina ganin hanyar Vimtim a gabana. Bai saki ba. Randa a cike take, kuma ba ta da ko ina da za ta zubar sai ta hannuna, domin a waje ba wanda ya ɗaga yatsa. Na matso da baki kusa, na bi wurin nan layi-layi ba tare da maimaita ko ɗaya ba. Iskar na raguwa ina jinta. Tsatsar ƙarshe ta tashi da wani huci da bai fi numfashin mai barci ba, sannan shiru.

Na fito na cire hula. Baba ba ya iya hawa, sai Maƙeri Zira ya shiga da tocila ya daɗe yana dubawa, ya leƙo ya ce ko tsatsar da za a sa a ido babu. Sai a lokacin mutane suka fara ɗaga yatsu, kowa da farin zobe a kan nasa. Alhaji ne na ƙarshe. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya je ya zauna kusa da Baba, ya ɓare goro suka raba. Ya sallami majiya ƙarfinsa, bai ko sake kallon injin ba, sai dai ya tambaya ko za a iya wanke masa bodin motar da ya zo da ita in gas ya samu.

Baba ya kira ni gaban kowa. Ya miƙo min hannun tayar da inji, wanda kullum yake kwana a ƙarƙashin gadonsa. Na sa hannu biyu na karɓa. Ya laluba aljihu ya ciro wata tsohuwar basilla mai ƙotar itace ya ɗora a kai.

"Wannan ma kayan aiki ne," ya ce.

Mutanen bayan Duvu sun samu ruwan ƙarshen damina a tankinsu. Baba Hammajoda bai ga damina ta gaba ba. Tun daga ranar nake auna baki da fensir kowace Litinin, in ya shige ba gardama in jefar, kuma ban sake zuba jiƙaƙƙen yashi a tukunya ba. Shekara huɗu bayan haka tsohon tiyon ya ruɓe, na sayo sabo fil daga Yola, baƙi mai sheƙi, ko ƙwarzane babu. Na shimfiɗa shi daga tsamiya zuwa kwazazzabo, mutanen layi suna tsaye a bakin rumfunansu suna kallo. Kafin in ɗaura shi a inji na ciro basilla, na fara daga rumfar Mama Kuve.